Kalmar Da Babbar Sista Ta Rubuta Da Jan Biro

Zuwa ga Kawuna,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da fatan wannan takarda ta same ka lafiya, kai da Inna da duk mutanen gida. Yaya gwiwar? Ina fata kana shafa man da na aiko, ba ka ajiye shi a taga kana kallo ba. In ka leƙa gidanmu ka gaishe mini da Mama, ka ce mata ina cin abinci, ta daina tsare direban da ke kai mana takardu tana tambayarsa ko na rame. Ni lafiyata ƙalau, sai dai gajiya.

Kawu, wata kalmar Turanci ce ta hana ni sukuni, kuma ban ga wanda zan tambaya ba sai kai, tunda a aikin tafinta a kotu ka ƙarar da ƙuruciyarka.

Ka san har yanzu a gwaji nake a asibitin nan, ba a tabbatar da ni ba. Ɗakin yara aka kai ni. Dogon ɗaki ne, gadaje hagu da dama, can ƙarshe kuma akwai lungu bayan labule inda ake kwantar da waɗanda jikinsu ya yi tsanani. Da rana muna da yawa, amma duk wadda aikin kwana ya faɗo wa, ita kaɗai ce. In tana bakin ƙofa ba ta ganin lungu, in tana lungu ba ta jin bakin ƙofa. Makon jiya ruwan da aka ɗaura wa wata yarinya ya ƙare ina can ina fama da wani mai amai, sai da uwarta ta zo ta ja ni da riga. Allah ya kiyaye, amma jini har ya fara hawa robar.

Da safe aka yi taron da aka saba. Babbar Sista, wato shugabar ɗakinmu, ta tambaya yaya aiki. Kowa ya ce lafiya lau, har da waɗanda suka fi kowa mita a ɗakin canja kaya. Da aka zo kaina sai na ji bakina ya ce, "Ba lafiya ba, Sista. Mutum ɗaya ba zai iya da ɗakin nan ba. Ranar da za a rasa yaro kuwa, wadda ke bakin aiki za a kama, ba wanda ya tsara aikin ba." Babbar Sistar ce fa mai tsara aikin. Ta dube ni ta saman tabarau, ta ce, "To." Shi ke nan.

Jiya aka ba mu rahoton rabin gwaji mu sa hannu. A ƙasan nawa ta rubuta da jan biro, "very candid". Da farko na ɗauka "candidate" za ta rubuta tawada ta ƙare mata. 'Yar ɗakina, wadda muke aiki tare, ta karɓa ta duba, ta riƙe baki, ta ce ai haka manya ke ce wa mutum marar kunya cikin ladabi, gara in fara haɗa kayana. Na duba ɗan ƙamus ɗina, ya ce ma'anarta "honest". To in haka ne, me ya hana ta rubuta "honest" ɗin kowa ya huta?

Don Allah ka gaya mini, zagi ne ko yabo? In je in ba ta haƙuri? Ka ba direba amsa da wuri, don abinci ma ba ya yi mini daɗi.

Taka,
Aku (tunda ka ƙi daina kirana haka)

*

Zuwa ga Akuna,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, duk muna lafiya. Gwiwa da sauƙi. Man ina shafawa, Innarki ce shaida, don a kaina take tsayawa kamar ɗan sandan kotu. Uwarki tana gaishe ki, ta ce ba ta yarda da maganar cin abincin nan ba sai ta gani da idonta. Sunan Aku kuwa, ranar da kika daina magana zan daina.

Na ciro babban ƙamus ɗina daga inda Innarki ta tokare ƙofar ɗaki da shi, ba don ban san kalmar ba, sai don ya sha iska. Ɗan ƙamus ɗinki bai yi ƙarya ba, rowa ya yi miki. "Honest" shi ne wanda in an tambaye shi ba ya ƙarya, in an ba shi ajiya ba ya ci. Amma yana iya kama bakinsa har ya mutu, sunansa bai canja ba. Na sha gani a kotu. A tambayi shaida, "Ka ga mutumin nan a bakin ƙofa?" Ya ce a'a. Kuma gaskiya ya faɗa, don ta taga ya gan shi. Bai yi ƙarya ba, bai kuma taimaki kowa ba.

"Candid" shi ne wanda zai ce, "Ban gan shi a ƙofa ba, amma na gan shi a taga," alhali ya san shiru ya fi masa sauƙi. Wani alƙali da na yi aiki da shi, in shaida ya yi haka, da wannan kalmar yake gode masa. Ni kuma in juya in ce, "Alƙali ya gode da ba ka yi masa rufa-rufa ba." Tushenta daga wata tsohuwar kalma ne mai nufin fari fat. Har hoton da aka ɗauki mutum bai shirya ba, bai gyara hula ba, da ita suke kiransa.

Da zagi take nufi, akwai kalmar da ta fi kusa, "blunt", wato wuƙa marar kaifi. Ita ake ce wa mai faɗin gaskiya kamar yana jifa. Matar da ta kai shugabar ɗaki ta san bambancin. Ba ta rubuta wannan ba. Yabo ne, 'yata, kuma irin wanda ba a rabawa a banza. 'Yar ɗakinki ta tsaya a allura, ta bar mana fassara.

Saboda haka ki saurare ni da kyau. Kada ki je ki ba ta haƙuri ki janye maganarki. Wannan ita ce shawarata, ban kuma son gardama. Sai dai zancen "wanda ya tsara aikin" a gaban jama'a ya yi zafi. Babba ma yana da fuskar da yake karewa. Na san ki tun kina rarrafe, bakinki yana riga kanki isa wuri. Ki riƙa bari su jera.

Tantabaruna sun ƙyanƙyashe, Innarki ta ce ko su ko shanyarta a tsakar gidan nan. Muna kan shari'a. Allah ya yi miki albarka.

Kawunki

*

Kawu,

Ina gaishe ka, ina gaishe da Inna da Mama. Ina fata kuna lafiya. Ni ma jikina lafiya.

Takardarka ta zo a jiƙe. Direba ya ce a aljihun gaba ya sa ta, ruwan sama ya kama shi yana canja taya. Shafin farko gaisuwar kawai na iya karantawa da labarin ƙamus, daga nan zuwa ƙasa duk ya zama shuɗi. Na ɗaga shi a rana, na shanya shi a kan gado, abin da na tsinta bai wuce "kotu" da "wuƙa marar kaifi" ba. Amma shafi na biyu garau yake, kuma ga yadda ya fara: "ki je ki ba ta haƙuri ki janye maganarki. Wannan ita ce shawarata, ban kuma son gardama."

Ban yi gardama ba. Na same ta a ofishinta tana cike takardun magani. Na rusuna na ce, "Sista, ki yi haƙuri da abin da na faɗa a taro. Ƙuruciya ce. Na janye."

Ta ajiye biro, ta cire tabarau. Ban taɓa ganin idonta ba tabarau ba, ashe ita ma a gajiye take. Ta ce, "Kin janye?"

Na ce, "Na janye."

"Wato mutum ɗaya zai iya da ɗakin?"

Sai ta ce in zauna. Ta ce ta daɗe tana roƙon hukumar asibiti a ƙaro mata ma'aikaciyar kwana, kullum amsar da ake ba ta ita ce, ai ma'aikatanki ba su taɓa kuka ba, ke ce mai son girma. Ta ce kwamitin hukumar zai zauna ƙarshen wata, kuma har ta ba da sunana in je in faɗa musu da bakina abin da na faɗa mata. Ta jawo wata takarda, ta ja layi a kan sunana ina kallo. Ta ce, "Ba komai. Na ɗauka na samu mutum ɗaya ne. Tashi ki je, majinyata na jira."

Kawu, da ta zage ni da ya fi mini. Tun ranar cikin ladabi take amsa gaisuwata, kamar baƙuwa. Sauran kuwa sai yaba mini suke, wai na yi hankali. 'Yar ɗakina har shayi ta haɗa mini.

Ban taɓa ƙin maganarka ba, ka sani. Amma kai ne fa kake zaunar da ni a gabanka ina ƙarama, in na fasa kofi ka ce in faɗa da bakina kafin a tambaya. Na kasa gane yadda aka yi wannan shawarar ta fito daga hannunka. Ko tsoro kake ji kada a kore ni in dawo muku gida? In haka ne da sai ka faɗa mini.

Aku

*

Aku,

Muna lafiya, gaisuwar ta isa haka, babu lokaci.

Kada! KADA na rubuta! "Kada ki je ki ba ta haƙuri." Kalmar ce ta ƙarshe a shafin farko, can ƙasa a kusurwa, inda ruwa ya fi ci. Na karanta takardarki a tsaye, na zauna, na sake miƙewa, gwiwa ma ta manta tana ciwo. Innarki ta ce, "Wane irin mutum ne zai bar kada a ƙasan shafi ita kaɗai kamar marainiya? Duk don kada a ɓata takarda."

Ga abin da ruwa ya cinye a taƙaice. Kalmar yabo ce. Ana faɗinta ga wanda ya fito da abin da ke cikinsa keke-da-keke, ba rufa-rufa, ko da shiru ya fi masa riba. Wuƙa marar kaifi da kika tsinta, kalmar da matar ba ta rubuta ba ce nake yi miki bayani.

Ki koma wurinta. Kada ki tsaya tsara magana. Ki ce kin tambayi wani tsoho ma'anar kalma, ruwa ya shiga tsakani, kika yi abin da ba ya zuciyarki. Wannan takardar a leda na naɗe ta, na kuma gargaɗi direba har sai da ya ji haushi.

Zancen tsoron ki dawo gida kuwa, ya yi mini ciwo, amma na yafe tun kafin in kai ƙarshen layin.

Kawunki

*

Akuna,

Assalamu alaikum. Ina fata lafiya ce ta kawo shirun nan. Mu lafiya lau, sai uwarki da ta yi 'yar mura, ta kuma warke.

Direba ya zo ya koma, ya sake zuwa, hannunsa wayam. Ya rantse ya ba ki takardata a hannu, a bushe. Yanzu in ya hango ni a bakin tasha sai ya yi kamar yana duba inji. Innarki ta ce na mayar da kujerata bakin ƙofa kamar mai gadi.

Na yi ta tunani a kwanakin nan. Ni ina zaune a inuwa ina rarraba kalmomi, wannan yabo, wannan zagi. Ke ce a gwaji. Ke za ki tsaya gaban mutanen da ke iya sallamarki da layi ɗaya. A kotu ma maganar wasu nake ɗauka in kai, ba ni ake ɗaurewa ba in ta yi ɗaci. Na ce miki ki koma kamar wanda ya aike ki shago, ban tambaye ki ko za ki iya ba.

To ga tambayar yanzu. In kin ga ba za ki iya ba, ki bari, babu abin da zai ragu tsakanina da ke. In fushi kike da ni, ki rubuto fushin, na fi son shi da shirun nan. In kuma ba ki da lafiya ne kike ɓoyewa, wallahi da gwiwar nan zan hau mota.

Kawunki da ke kewar surutunki

*

Kawuna na kaina,

Wa alaikumus salam. Ka mayar da kujerarka ciki, lafiyata ƙalau. Ka gaishe da Inna, ka ce mata maganar marainiya ta sa ni dariya har da hawaye. A yi wa Mama sannu da jiki.

Ka yafe mini shirun, da kuma abin da na ce maka. Ba fushi ba ne, kunya ce. Na samu takardarka, na gane komai, amma na kasa komawa. Ashe sanin ma'anar kalma daban, ƙafar zuwa ofis daban. Kullum sai in je har bakin ƙofarta, in ji motsinta a ciki, in wuce kamar ɗakin magani za ni. Kuma ban so in rubuto maka in ce na kasa.

'Yar ɗakina ce ta tashe ni. Da aikin kwana ya faɗo kanta, ta dawo da safe ta zauna a bakin gado ko takalmi ba ta cire ba. Na ce lafiya? Sai ta fashe da kuka. Wani jariri a lungu zazzaɓi ya hau masa har ya fara jijjiga, ita tana can gaba tana neman jijiyar wani, ba ta ji ba sai da kakarsa ta yi ihu. Ya rayu, yana nan yana shan nono. Amma ta riƙe hannuna tana cewa, "Ke kin faɗa, mu muka bar ki ke kaɗai. Ni ce ma na ce ki haɗa kaya."

Ban ko wanke fuska ba na tafi. Na ƙwanƙwasa, na shiga, na ce, "Sista, na zo in janye janyewar da na yi."

Ta dube ni ta saman tabarau, ta ce, "A ina aka taɓa yin haka?"

Na kwashe labarin kaf na gaya mata, da kai, da direba, da taya. Kawu, matar nan ashe tana dariya! Sai da ta dafa tebur. Na ce amma haƙuri ɗaya yana nan ban janye shi ba, na yadda na nuna ta da baki a gaban mutane. Ta ce, "Wannan na karɓa, don ya yi mini zafi." Ta sake rubuta sunana a saman layin da ta ja.

Ranar kwamiti aka kira ni wani ɗaki mai sanyi da dogon tebur. Na faɗi labarin yarinyar da ruwanta ya ƙare, na faɗi na jaririn. Shugabansu ya jingina da kujera ya ce, "Wato nufinki hukuma ba ta san aikinta ba?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ban san aikin hukuma ba. Abin da na sani, in ina bakin ƙofa ba na ganin bayan labule, kuma a bayan labulen ne yaran suka fi jin jiki."

Sai na ji motsi a bayana. 'Yar ɗakina ce, ba a kira ta ba, ta shigo ta tsaya kusa da ni. Ko kalma ba ta iya faɗa ba, sai kai take gyaɗawa, amma ta tsaya.

An ƙaro mana ma'aikaciyar kwana, ta ma fara. Yanzu ɗaya a gaba, ɗaya a lungu. Ni kuma an ƙara mini watannin gwaji, wai shugaban ya ce ina bukatar koyon magana da manya. Babbar Sista ta yi faɗa a kai har ana jin ta daga baranda, ba su canja ba. Na yi kuka kaɗan, na share. Ka lallaɓa ka gaya wa Mama, ka san ta.

Taka har kullum,
Aku

*

Akuna, 'yar albarka,

Wa alaikumus salam. Duk muna lafiya, gwiwa ma yau ta ba ni hutu. Innarki ta ce a gaya miki ta yafe wa direba, ni kam da saura.

Watannin da aka ƙara miki za su wuce. Ban ce ba su da ciwo ba.

Ban lallaɓa uwarki ba, ɗaukar takardar na yi na je na karanta mata daga farko har ƙarshe. Na same ta tana ninke wanki a tsakar gida. Kin san tun kina ƙarama fargabarta ɗaya ce, kada bakin nan naki ya ja miki. Ta sha zuwa wurina tana cewa ni nake ɗaure miki gindi. Da na kai wurin ƙarin gwaji ta ajiye zanen da ke hannunta, ta ce, "Ai na faɗa. Na faɗa, ba a ji ba." Daga nan ta ci gaba da ninki, zane ɗaya ta ninke ta warware, ta sake ninkewa.

Na gama, na naɗe takarda, na dafa bango zan miƙe, sai ta kama hannun rigata. Ta ce, "Yaya, koma wurin da mutumin nan ya tambaye ta." Na koma na karanta. Ta ce, "Haka ta ce masa? A gaban kowa?" Na ce haka ta ce. Ta share ido da gefen mayafi, ta miƙe ta leƙa ta katanga tana ƙwala wa maƙwabciyarta kira, wai ta bar abin da take yi ta zo ta ji 'yarta.

Sai da na karanta wa matan layinku kusan duka kafin aka sake ni, muryata har ta dushe. Takardar kuma uwarki ta karɓe, ta ce tata ce. Na ce sunana ne a sama. Ta ce ita ta haifa.

Kawunki